Kullum "Ki Kashe Ki Kunna", Ɗalibaina Kuma Suna Ta Raguwa

Assalamu alaikum. Ni malama ce a Kano, ina koyar da yara karatun Alƙur'ani da tajwidi ta Zoom, yawancinsu 'ya'yan Hausawa ne mazauna Ingila. Da wannan nake tallafa wa maigida wajen kuɗin makarantar yaranmu. Wata bakwai ke nan da muka ja intanet na faiba zuwa gida, muna biya duk wata. Wata ukun farko lafiya lau. Daga nan ya fara ɗaukewa, wani lokaci awa biyu, wani lokaci kwana uku cur. In na kira kamfanin, sai wata yarinya ta ce in kashe rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida, in kunna, ko ta ce suna kan aiki. Sau biyu injiniyansu yana zuwa, kowane zuwa sai an ba shi kuɗin mai, ya taɓa nan ya taɓa can, bayan kwana biyu a koma gidan jiya. Iyaye biyu sun cire 'ya'yansu. Makon jiya na yi wa yarinyar da ta ɗaga waya faɗa, har na gaya mata maganar da ban so ba, na kwana ina jin kunyar kaina. Maigida ya ce in yi haƙuri, duk kamfanonin kanwar ja ce. Ni kuwa haƙurin ya ƙare. In canza kamfani ne, ko yaya zan yi?

Wata malama, daga Kano

Wa'alaikumus salam, Malama. Allah ya sa wa aikinki albarka, ya mayar miki da waɗanda suka tafi da ma ninkinsu.

Bari in fara da abin da ya hana ki barci, don shi ne mafi sauƙi. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, kuma abin da ya faru tsakaninki da yarinyar nan ke nan. Tana zaune ne gaban kwamfuta da takardar tambayoyin da aka tsara mata, ba ta da tsani, ba ta da mota, ba ta da ikon tura kowa ko'ina. In kin sake kira Allah ya sa ita ce ta ɗauka, ki ce ta yafe miki, magana ta wuce. Abin da ya fi damuna da faɗan shi ne ya tafi a banza. Kamfani ba ya ajiye tsawa. Abin da yake ajiyewa lamba ce, wato lambar ƙorafin da ake buɗewa duk lokacin da mai hulɗa ya kawo kuka, kuma na karanta wasiƙarki sau biyu ban ga inda kika ambaci irin wannan lamba ko ɗaya ba. In zatona gaskiya ne, to a littafin kamfanin nan wataƙila ke mace ce da intanet ɗinta bai taɓa samun matsalar kirki ba cikin wata huɗu. Zan dawo kan wannan.

Kafin nan, akwai aikin da ba wanda zai yi miki shi: ki gano daga ina ɓarnar take. Kalmar "ya ɗauke" tana ɗauke da cututtuka aƙalla uku da ba su da dangi da juna, kuma muddin haka kike faɗa musu, "ki kashe ki kunna" za su ci gaba da ba ki, domin ita ce amsar da ta dace da tambayar da ba ta da kai.

Ran da ya sake ɗaukewa, kada ki taɓa komai tukuna. Ki je gaban akwatin da siririyar wayar faibar ta shiga, ki dubi fitilunsa. A yawancin irin waɗannan akwatuna akwai wata da aka rubuta LOS a ƙarƙashinta, da wata PON. In LOS ta yi ja, ko tana ƙiftawa da ja, hasken da ke tahowa ta cikin wayar ne bai iso gidanki ba: ko wayar ta tsinke a wani wuri, ko ta lanƙwashe, ko mahaɗarta ta saki. Ko sau ɗari kika kashe kika kunna, ba abin da zai canza. Abin da ya rage miki a nan kaɗan ne. Ki bi wayar da ido daga akwatin har inda ta fita daga gida, ki ga ko an danne ta da kujera, ko ƙofa ta matse ta, ko wani ya naɗe ta tamau don ta yi kyan gani. Zaren gilashi ne a ciki, sirantarsa kamar gashin kai, ba ya son lanƙwasa mai tsanani, ɓeraye kuma suna sonsa. Kada ki cire kan wayar ki leƙa ciki, kada ki bar yara su yi, domin hasken da ke cikinta ido ba ya ganinsa amma yana iya yi masa lahani. In cikin gida lafiya, to ɓarnar a waje take, kuma aikinsu ne.

In kuwa LOS a kashe take, PON na nan kore ba ta motsi, amma intanet babu, to hasken ya iso, matsalar tana can wurinsu ko a lissafin asusunki. In duk fitilun sun mutu sun sake kamawa su kaɗai, kamar akwatin ya farka daga barci, to ki zargi wuta kafin ki zargi kowa. Wannan shi ne wanda mutane suka fi rainawa. Wutar da ke zuwa rabi-rabi, da sauyawa daga wutar gari zuwa janareta, da adaftar da ta gaji, duk suna sa rauta ta riƙa mutuwa tana tashi, kowane tashi kuma sai ta ci minti biyu ko uku kafin ta kama. Ga zafin Kano a watan Afrilu, in rautar tana cikin kabad ko a kan talabijin. Na taɓa shafe mako biyu ina zagin wani kamfani a zuciyata, ashe adaftar da ke bayan tebur ce ta kusa ƙonewa. Da na sauya ta sai na rasa inda zan sa kaina.

Wata cutar kuma ita ce waifai na cikin gida. Ki haɗa kwamfutarki da rauta ta waya kai tsaye, irin mai kauri da ake sakawa a ramin LAN. In ta waya yana tafiya sumul, ta iska kuma yana yankewa, kamfanin ba shi da laifi: bangon bulo da siminti ne, ko nisan ɗakin da kike karatu, ko yawan wayoyin da ke kan layin. Ki tambayi kanki su wa suka san lambar sirrin. A gidajenmu lambar waifai ba ta kwana biyu ba ta kai gidan maƙwabta ba, kuma lokacin da kike zama da ɗalibanki, bayan sun taso daga makaranta, shi ne daidai lokacin da duk unguwa ke kallon bidiyo. Ko da komai lafiya, mai sana'a irin taki bai kamata ta koyar ta iska ba in waya za ta kai. Zoom ba ya bukatar gudu mai yawa, megabit biyu zuwa uku sun ishi mutum biyu su ga juna sarai. Abin da yake bukata shi ne kada layin ya riƙa numfashi, kuma tajwidi ya fi kowane darasi jin jiki, domin daƙiƙa ɗaya in ta ɓace, maddin yaro ya ɓace da ita.

Gargaɗi ɗaya: akwai ɗan rami a bayan rauta da ake soka tsinke a ciki. Kada ki soka, ko da wani mai sani ya ce ki yi. Yana goge saitin da kamfanin ya sa, sai ki mayar da matsalar awa biyu ta kwana uku.

Daga abin da kika bayyana, kwana uku cur babu komai, sannan injiniya ya zo ya taɓa ya dawo na ɗan lokaci, zuciyata ta fi karkata ga mahaɗar da ba a yi da kyau ba, ko a kan falwaya ko a akwatin rabo na layinku. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Fitilar za ta gaya miki abin da ni ba zan iya gani daga nan ba.

Yanzu ga littafi. Ki samu ƙaramin littafin rubutu, irin na 'yan firamare, ki ajiye shi kusa da rautar. Duk ɗaukewa ki rubuta rana, da lokacin da ya tafi, da lokacin da ya dawo, da launin fitila. Ki ɗauki hoton akwatin da wayarki, hoton yana riƙe kwanan wata da kansa. In yana nan amma yana jan ƙafa, ki auna gudunsa a shafin fast.com ko manhajar Speedtest, ki adana hoton sakamakon. Sannan ki kira, kuma ga yadda za ki buɗe baki: "Fitilar LOS ja ce tun ƙarfe huɗu da rabi. Na duba wayar cikin gida, lafiyarta ƙalau. Na riga na kashe na kunna. Ina so a buɗe mini ƙorafi a ba ni lambarsa." Kada ki ajiye waya sai kin rubuta lambar, kin karanta mata ita ta tabbatar, kin kuma tambayi sunanta da lokacin da suke sa ran gyarawa. Da kin ajiye, ki tura wannan bayanin ta imel ko ta WhatsApp ɗin kamfanin, don ya zama akwai shi a rubuce a wurin da ba su kaɗai ke riƙe da shi ba.

Ki sa ido kan wata dabara. Sau da yawa za ki ga saƙo ya shigo cewa an warware ƙorafinki, alhali fitila na nan ja wur. Ana rufe ƙorafi ne don lissafin ofis ya yi kyau. Ki mayar da amsa nan take cewa ba a gyara ba, ki ambaci tsohuwar lambar, ki ce a sake buɗe ta. In sun ba ki sabuwa, ki rubuta ta ƙarƙashin tsohuwar. Lamba huɗu a kan cuta ɗaya cikin wata guda hujja ce da ba ta bukatar ki ɗaga murya.

Da wannan hujjar za ki wuce gaba. Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ita ke ba kamfanonin nan lasisi, kuma tana da layin karɓar ƙorafi kyauta, 622, da za ki iya kira daga wayarki. Tana da shafin shigar da ƙorafi a intanet, tana kuma da ofishin shiyya a nan Kano. Sharaɗinsu shi ne sai kin fara kai kuka wurin kamfanin, kuma abin da za su fara tambayarki shi ne lambar da kamfanin ya ba ki. Kin ga dalilin da na nace. Mutane da yawa suna kiran 622 da zafin rai da hannu wofi, a ce su koma su samo lamba, sai su ce hukumar ma ba ta aiki. Ba zan ce miki da kin kira za a gyara kafin magariba ba. Amma ƙorafin da ya sauko wa kamfani daga hukumar da ke riƙe da lasisinsa ba teburin yarinyar nan yake sauka ba. Kafin ki kira, ki leƙa shafin hukumar ki ga ko sunan kamfaninku yana cikin jerin masu lasisi, domin akwai masu saro intanet su raba wa unguwa ba tare da takarda ba, kuma in irinsu ne, igiyar da za a ja su da ita gajeriya ce.

Ki nemi kwanakinki kuma. Kin biya kuɗin kwana talatin, an ba ki ashirin da biyu, saura takwas bashi ne, ba alfarma ba. A shekarar 2025 NCC ta umarci kamfanoni su riƙa sanar da jama'a in an samu babbar katsewa, da dalilinta da yankin da ta shafa da lokacin da ake sa ran gyara, kuma in ta wuce awa 24 su rama wa masu hulɗa gwargwadon abin da suka rasa, kamar ta ƙara musu kwanaki. Umarnin ya shafi katsewar da ta game yanki ne, ba ta gida ɗaya ba, amma ya nuna inda hukumar ta tsaya, kuma a shekarar ce, a watan Janairu, aka amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin ɗari bisa alkawarin inganta aiki. Ki rubuta musu: ga ranakun, ga lambobin, ina neman a ƙara mini kwana kaza a kan biyan wannan wata. Kada ki tsaya a "ku duba lamarina". Ki faɗi adadi.

Maganar injiniya da kuɗin mai. Na san yadda abin yake, mutum ya zo cikin rana a kan babur, ya hau falwaya, kunya ba za ta bar ki ki sallame shi hannu rabbana ba. Ruwan sanyi da abin da zuciyarki ta ba ki bayan aiki ya yi kyau, wannan tsakaninki da Allah ne. Amma kuɗin da ake yankawa kafin a taɓa waya wani abu ne daban. Ki tambayi kamfanin a rubuce ko ana biyan kuɗin zuwan injiniya. In ana biya, a asusun kamfani za ki saka, a ba ki rasit. In ba a biya, kin samu abin ƙarawa a littafinki. Kuma ki daina kiransa a layinsa na kansa, duk da ya fi saurin ɗauka. Duk gyaran da aka yi ta bayan gida ba ya shiga lissafi, wanda ake biya a kowane zuwa kuwa ba shi da dalilin yin gyaran da zai hana shi dawowa. Ba ina cewa mugu ba ne, tsarin ne ya karkace. In ya sake zuwa, maigida ko babban ɗanku ya tsaya a kansa, ya tambaye shi me ya samu, ya sa shi auna ƙarfin hasken da na'urarsa ya faɗi adadin, a rubuta.

Ki tambayi maƙwabtan da ke kan kamfanin nan ko su ma suna gani. In lokacin ɗaukewarku ɗaya ne, ku haɗa lambobinku ku rubuta takarda guda da sa hannun gida biyar ko goma. Gida ɗaya in ya tafi ba a ji, layi guda in ya yi barazanar tafiya manaja da kansa yake kira.

To, maigida. Yana da rabin gaskiya, kuma ki gaya masa haka don ya ji daɗin karɓar sauran rabin. Akwai abin da ya fi ƙarfin kowane kamfani. Masu aikin titi da magudanar ruwa suna tsinke faiba kusan kullum a ƙasar nan, ɓarayi suna yanka ta suna zaton jan ƙarfe ne, har ta kai a 2024 gwamnatin tarayya ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da taɓa su babban laifi ne. Ranar 14 ga Maris na shekarar, manyan wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, intanet ya rikice daga Najeriya har Ghana da maƙwabtansu, bankuna ma suka ji a jikinsu. A irin wannan rana haƙurin ne kawai. Inda na rabu da shi shi ne a ce tunda duk kanwar ja ce sai a naɗe hannu. Ai in duk suna ɗaukewa, abin yi shi ne a riƙe biyu, tunda ba kasafai suke ɗaukewa tare ba.

Wannan ce shawarar da nake so ki fara aiwatarwa tun yau, kafin littafi, kafin 622. Abincinki bai kamata ya rataya a zare ɗaya ba. Ki ware layin waya guda na wani kamfani daban, wanda kika gwada kika ga sabis ɗinsa yana da ƙarfi a ɗakin da kike karatu, ba a tsakar gida ba. Ki sa masa data ta wata, ki ajiye shi a tsohuwar waya ko ƙaramar na'urar maifai, a cike da caji, kwamfutarki ta riga ta san shi. Ba a fafe gora ranar tafiya: ki gwada sauyawa daga wannan zuwa wancan sau biyu ko uku ranar da ba ki da aji, har ya zama ba ya cin miki minti ɗaya. Awa guda ta bidiyo a Zoom tana cin wajen rabin giga zuwa giga ɗaya, in kuma sabis ya yi rauni ki kashe kyamarar yaron ko taki, murya kaɗai ba ta cin komai. Ki haɗa da ɗan batirin nan na rauta da ake sayarwa a kasuwar waya, wanda ke riƙe ta awanni in an ɗauke wuta, ki tabbata ƙarfinsa ya dace da abin da aka rubuta a jikin adaftarki, yawanci volt 12. Kuɗin waɗannan duka ki lissafa shi cikin kuɗin sana'a, kamar yadda tela ke lissafa zare. Bai kai abin da kika rasa a ɗalibi ɗaya ba.

Canza kamfani kuwa, kada ki yi shi cikin fushi, kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Ki ba wannan wata guda da littafinki a hannu. In an gyara mahaɗar, an ƙara miki kwanakinki, ki zauna, tunda wata ukun farko sun nuna layin yana iya yin kyau. In wata ya cika fitila na ci gaba da yin ja, ki tafi, kuma kafin ki zaɓi wani ki tambayi mutanen layinku, ba na wata unguwa ba, domin kamfanin da ke tashi sama a Nasarawa yana iya rarrafe a Kabuga. Ki biya wata ɗaya kawai da farko, komai daɗin rangwamen wata shida. Za a ce miki Starlink, wanda ya shigo Najeriya a farkon 2023 kuma ba ruwansa da masu haƙa titi, amma kuɗin kayansa da na wata da wutar da yake ci sun yi wa aji irin naki nauyi, sai in ɗaliban sun ninka, kuma shi ma ruwan sama mai ƙarfi yana taɓa shi.

Iyayen nan biyu da suka cire 'ya'yansu, ki rubuta musu da zarar layi na biyu ya zauna. Kada ki tsawaita ba da haƙuri, kada ki ba su labarin kamfani, mutumin da ke zaune a Ingila ba zai gane yadda intanet ke ɗaukewa kwana uku ba. Ki ce kin san an samu yankewa a baya, yanzu kin sa layi biyu da batir, duk darasin da ya yanke daga ɓangarenki za ki rama shi a cikin makon, kuma kina gayyatar yaron darasi ɗaya kyauta su gani da idonsu. Waɗanda suka rage ma ki tura musu saƙon, kafin su fara tunanin da waɗancan suka yi.